Al Capone: Uban Dabar da Littafin Akawu Ya Kayar

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakinmu na hostel ya san rubutun nan da ke saman ƙofa, wanda wani ya yi da gawayi tun kafin mu zo: AL CAPONE. Sau biyu ana yin fenti, rubutun yana sake leƙowa. Daga baya wani abokin zamana ya gaji sunan, ba don komai ba sai don ya iya cin bashin mai shayi ya hana, kuma in an kira shi da sunan har wani ɗaga kafaɗa yake yi. Ran da na tambaye shi ko wane ne mai sunan, sai ya ce mini ai ɗan fim ne. Ni ma a lokacin iyakar sanina ke nan. Sai da muka shiga HND I malaminmu na darasin haraji ya kawo zancensa a aji, ya gaya mana cewa uban dabar da ya gagari 'yan sandan Amurka, ma'aikatan haraji ne suka ɗaure shi. Mu 'yan sashen akanta ranar har tafi muka yi. Daga nan na shiga bibiyar labarinsa, kuma wallahi ina cikin karantawa tafin ya fita daga raina.

An haifi Alphonse Capone ranar 17 ga Janairun 1899 a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga yankin Naples na kudancin Italiya, sun sauka Amurka a 1893. Uban, Gabriele, mai aski ne, uwar kuma, Teresa, ɗinki take yi. 'Ya'ya tara Allah Ya ba su. Gida ne na talakawa masu cin guminsu, albasa ce dai ba ta yi halin ruwa ba. Wani abin mamaki ma, babban yayansu James ya gudu daga gida tun yana matashi, ya sauya suna ya koma Richard Hart, ya zama jami'in hana sayar da giya a jihar Nebraska. Uwa ɗaya uba ɗaya, wannan yana fasa gangunan giya, wancan yana sayarwa.

Shi Al yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta bayan ya mari malamarsa. Ya taɓa tsaron shagon alewa, ya yi aiki a wurin masu ɗinke littattafai, amma zuciyarsa tana wajen yaran lungu. Da haka ya faɗa cikin dabar da ake kira Five Points, ya samu aikin tsaron ƙofa a wani gidan rawa na wani tantiri mai suna Frankie Yale. A nan ne ya gaya wa wata yarinya maganar banza a gaban yayanta, Frank Galluccio, shi kuwa ya zaro wuƙa ya tsaga masa kuncin hagu. Tabon nan ya bi shi har kabari, jaridu suka laƙaba masa Scarface, wato Mai Tabo. Ya tsani sunan. In za a ɗauke shi hoto sai ya juya ɓarin da ba tabo, wani lokaci ma ya ce a yaƙi ya samu rauni, alhali bai taɓa sa kakin soja ba. A ƙarshen 1918 ya auri Mae Coughlin, 'yar asalin Ailan, suka haifi ɗa guda, Albert.

Da a Brooklyn ya tsaya, da ƙila ya ƙare kamar dubban irinsa, ko a kurkuku ko a kwata, ba wanda zai rubuta sunansa da gawayi a wata ƙasa bayan shekara 100. Abu biyu suka sauya masa hanya. Na farko mutum ne, na biyu doka.

Mutumin shi ne Johnny Torrio, wanda ya kira shi Shikago wajen 1919. Torrio ba irin ɗan dabar da muka saba gani ba ne. Gajere ne, shiru-shiru, ba ya shan giya, da dare yana gida wajen matarsa. In ka gan shi sai ka rantse manajan banki ne. Shi ke kula da gidajen caca da gidajen karuwai na wani hamshaƙi mai suna Big Jim Colosimo. Dokar kuwa ita ce gyaran tsarin mulki na 18, wanda ya haramta yin giya da sayar da ita da safararta a duk faɗin Amurka. Ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 1920, daidai ranar da Capone ya cika shekara 21.

Kada wani ya ce ina kare giya, ni ba mashayi ba ne kuma ba na fata. Abin da nake so a gani shi ne, an kafa dokar amma masu sha suna nan da miliyoyinsu, da ƙishinsu da kuɗinsu a hannu, jami'an da aka ɗauka da farko don su tsare ƙasa sukutum kuwa ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Torrio ya duba ya ga kasuwa ce aka kori masu lasisi daga cikinta aka bar ƙofa buɗe. Colosimo bai nuna sha'awar shiga ba. Ranar 11 ga Mayun 1920 aka harbe shi a zauren gidan abincinsa, ba a taɓa hukunta kowa ba, Torrio ya gaje kujerar, Capone yana gefen damarsa.

Abin da Torrio ya fara yi shi ne ya tara shugabannin dabobin birnin ya raba musu unguwanni. Kowa ya sayar a yankinsa, kada ya tsallaka na wani, a sayi kaya a farashi sananne, a haɗa kuɗin 'yan sanda da na 'yan siyasa. Ya sayi kamfanonin giyar da doka ta rufe ya ci gaba da juya su da sunayen wasu. Aka ɗauki direbobi, da kanikawa, da masu gadi, da masu karɓo bashi, da lauyoyi, da akawu. Ana shigo da barasa daga Kanada, ana dafa wata a cikin gidajen talakawan Italiyawa a biya su kuɗin yini. Capone kansa katin sana'a ya buga, a jiki an rubuta shi dillalin tsofaffin kujeru da gadaje ne.

To a nan ne nake so mu ɗan dakata, don nan ne bambancin yake tsakanin ɓarawo da kamfanin laifi. Wanda ya haura katanga ya ɗauke maka waya a hostel ɓarawo ne, in an kama shi magana ta ƙare. Ko su biyar ne suka haɗu suka yi fashi sau ɗaya suka raba suka watse, 'yan fashi ne kawai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan wannan a birnin Palermo na Italiya a shekarar 2000, Nijeriya ma tana ciki, kuma ma'anar da aka tsayar ita ce gungu mai tsari na mutum uku ko fiye, wanda ya ɗauki lokaci yana nan, yana aikata manyan laifuka tare don samun kuɗi ko wani abin duniya. Wannan a takarda ke nan. Ni abin da na fahimta daga labarin Shikago shi ne, irin wannan gungu yana da abokan ciniki da ke zuwa da ƙafarsu, yana da ma'aikata da kowa ya san aikinsa, yana da kason hukuma da ake warewa kamar yadda ake ware kuɗin haya, kuma in shugaba ya faɗi akwai mai hawa kujerar. Tashin hankali a wajensu kayan aiki ne. Tunda ba za su iya kai wanda ya ci musu bashi kotu ba, bindiga ce alƙalinsu.

Ban koyi wannan a littafi kaɗai ba. Shekarar da na gama ND aka ɗauke kawuna a hanyar gona. Ni nake riƙe da wayar gida a lokacin, don haka ni na sha jin muryoyinsu. Wanda ke kira ya yi ciniki daban ne da wanda ke tsare da shi, wanda ya zo karɓar kuɗi kuma wani ne can dabam. Sun san buhu nawa na masara ya sayar a kakar nan, sun san yana da ɗa a birni mai albashi. Wani ne a cikin gari ya gaya musu, wani ya sayar musu da man babur, wani ya kai musu burodi da katin waya. Kawu ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, gonarsa ce ba ta dawo ba. Shi ya sa da na zo kan labarin rabon aikin Torrio sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kayan sayarwar ne suka bambanta, amma fasalin na gane shi.

Mu koma Shikago. A 1923 aka zaɓi sabon magajin gari, William Dever, wanda ya ce shi da gaske zai yi. Su Torrio ba su tsaya jayayya ba, suka kwashe ofishinsu zuwa wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka, Cicero. Ranar 1 ga Afrilun 1924 aka yi zaɓen garin, Capone ya cika rumfuna da yaransa riƙe da bindigogi. Ana tambayar mutum wa zai zaɓa, in amsar ba ta yi ba a ƙwace takardar, an sace ma'aikatan zaɓe an kulle har aka tashi. Ba sai na yi wa mai karatu dogon bayani ba, mun san 'yan bangar siyasa. Da yamma 'yan sandan da aka turo daga Shikago suka harbe yayansa Frank har lahira. Amma 'yan takararsu sun ci, garin ya zama nasu, da 'yan sandansa da majalisarsa.

Zaman lafiyar da Torrio ya ƙulla bai daɗe ba. Shugaban dabar arewacin birnin, Dean O'Banion, wanda da rana fure yake sayarwa, ya yi masa wayo: ya sayar masa da kasonsa na wani kamfanin giya alhali ya san 'yan sanda za su kai samame, aka kama Torrio a wurin. Ranar 10 ga Nuwamban 1924 mutum uku suka shiga shagon furen kamar masu ciniki, ɗaya ya miƙa masa hannu ya riƙe gam, sauran suka buɗe masa wuta. A Janairun 1925 yaran O'Banion suka rama, suka harbi Torrio a ƙofar gidansa. Ya sha da ƙyar, ya ce ya gaji, ya miƙa wa Capone komai ya bar garin. Shekarun Capone 26 a lokacin. Akwai waɗanda suka girme shi a ajinmu.

Shekaru shida zuwa bakwai kawai ya yi a kan kujerar, duk sunan nan da ake ji a cikinsu ya yi shi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kamfanin nasa yana juya kimanin dala miliyan 100 a shekara daga giya da caca da karuwanci da kuɗin kariya. Kuɗin kariyar nan shi ne ya fi ba ni haushi. A je wa mai wanki da guga ko mai gidan burodi a ce ya shiga ƙungiya ya riƙa biya don a tsare masa shago. In ya tambaya daga wa za a tsare shi, daren nan zai samu amsa, a fasa gilashi ko a jefa bam. Mai tsaron shi ne ɓarawon. Sun kuma kutsa cikin ƙungiyoyin ƙwadago suna cin kuɗin mambobi.

Mutane da yawa suna ɗauka irin wannan harka ta 'yan ƙabila ɗaya ce. Capone bai damu da wannan ba. Babban mai riƙe masa lissafi, Jake Guzik, Bayahude ne, shi ne kuma mai raba wa manyan 'yan sanda da 'yan siyasa ambulan. Murray Humphreys, gwanin shirya lauyoyi da ƙungiyoyin ƙwadago, iyayensa daga Wales suka zo. Kai, har Galluccio da ya tsaga masa fuska an ruwaito daga baya ya ɗauke shi aikin tsaron lafiyarsa. In kana kawo riba, asalinka da tsohon laifinka ba matsala ba ne. A 1927 kuma William Thompson, wanda ake kira Big Bill, ya dawo kujerar magajin gari da goyon bayansu, Capone ya dawo tsakiyar birni ya kama benaye a otal, daga baya ya zauna a otal ɗin Lexington, 'yan jarida na zuwa hira kamar wajen gwamna.

Inda ya saɓa da maigidansa ke nan. Torrio ba ya son a san shi, Capone kuwa yana son kyamara kamar ransa. Riguna masu ƙyalli, zoben lu'ulu'u, mota ƙirar Cadillac mai sulke, zama a sahun gaba wajen wasan ƙwallo. Kullum kafa hujja yake da cewa shi ɗan kasuwa ne da ke kawo wa jama'a abin da suke so, kuma alƙalai da manyan gari da ke zaginsa a jarida da giyarsa suke liyafa. Abin takaicin shi ne rabin maganar gaskiya ce. Rabin da ba ya faɗa shi ne gawarwakin. A Satumban 1926 abokan gaba suka zo da jerin motoci suka yi wa otal ɗinsa na Cicero ruwan harsashi da tsakar rana, ya kwanta a ƙasa ya tsira. Bayan sati uku aka kashe jagoransu Hymie Weiss a kan titi. A shekarar nan ma an harbe wani mataimakin mai gabatar da ƙara, William McSwiggin, aka yi ta bincike, ba a ɗaure kowa ba. Shaidu sukan manta abin da suka gani, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suna da iyali.

Ranar 14 ga Fabrairun 1929 da safe, wasu mutane suka shiga wani gareji a titin North Clark, biyu daga cikinsu sanye da kakin 'yan sanda. Mutum bakwai na ɓangaren Bugs Moran suna ciki. Ganin kaki suka ɗauka samamen da aka saba ne, wanda ake kashewa da 'yan canji, suka juya suka fuskanci bango ba gardama. Aka buɗe musu mashinga. Ku lura da wannan: sabo da cin hanci ne ya sa suka miƙa wuya. Moran da ake nema bai iso ba, ya tsira. Ɗaya daga cikin waɗanda aka harba, Frank Gusenberg, ya yi 'yan sa'o'i kafin ya cika, 'yan sanda suka yi ta tambayarsa wa ya harbe shi, ya ƙi faɗa. A cikin mamatan akwai bakanike da ya zo gyaran mota, akwai kuma wani mai sana'ar tabarau, Reinhardt Schwimmer, wanda ba ɗan daba ba ne, shi dai yana jin daɗin a gan shi tare da su ne. Shi ya fi tsaya mini a rai, don na san irinsa a makarantar nan. Capone yana gidansa na Fulorida a ranar. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba, ko da yake kusan kowa ya san inda aka nuna da yatsa.

Hotunan garejin nan sun zagaye jaridun ƙasar, suka yi masa ɓarnar da abokan gaba ba su yi ba. Manyan 'yan kasuwar Shikago suka kai kuka wajen sabon shugaban ƙasa, Herbert Hoover, shi kuma ya ba ma'aikatar kuɗi umarni. A Mayun 1929 aka kama Capone a Filadelfiya da bindiga a ɓoye, ya yi kimanin wata goma a gidan yari, a ɗaki mai kafet da rediyo, kamfani kuma yana ta aiki ba fashi. A 1930 hukumar sa ido kan laifuka ta Shikago ta fitar da jerin maƙiyan al'umma, sunansa ne na ɗaya. Shi kuma a ƙarshen shekarar, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye mutane suka rasa aiki, sai ya buɗe gidan ciyar da marasa galihu kyauta, sau uku a rana, layi har ya sha kwana. Masu yunwa sun ci sun yi masa addu'a, ban ga laifinsu ba. Amma a auna kuɗin miyar da abin da ake tatsa daga masu shagunan unguwannin nan.

Fina-finai sun ba Eliot Ness da yaransa duk yabon. Gaskiya sun yi aiki, sun fasa rumbunan giya, sun ƙi karɓar hanci a zamanin da ƙin karɓa abin labari ne. Sai dai ba shari'arsu ce ta ɗaure shi ba. Tun 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan fasa-ƙwaurin giya mai suna Sullivan cewa kuɗin haram ma sai an biya musu haraji. Ta wannan ƙofa aka shiga. Sashen binciken haraji ƙarƙashin Elmer Irey ya tura wani jami'i mai suna Frank Wilson. Suka fara da na gefe: ɗan'uwansa Ralph, da Guzik, da Frank Nitti, duk haraji ya ci su.

Shi kansa ogan ya fi wuya. Ba shi da asusun banki da sunansa, ba ya sa hannu a takarda, gidan Fulorida da ya saya a 1928 da sunan matarsa yake. Bai taɓa cike takardar haraji ba. Wilson ya yi wata da watanni yana tone tarin takardun da aka ƙwato a samame daban-daban, har ya ci karo da wasu littattafan lissafi na wani gidan caca a Cicero, da aka kwashe tun 1926 aka jefa a kabad ba wanda ya buɗe. A ciki an rubuta kuɗin shiga da na fita da rabon riba, wani kaso kuma an sa masa Al. Saura a gano mai rubutun. Suka riƙa gwada rubutun hannun da takardun ajiyar kuɗi na bankuna har ya dace da na wani akawu, Leslie Shumway. Aka samo shi a Fulorida, aka ɓoye shi. Aka kuma samo mai karɓar kuɗin gidan cacar, Fred Ries. Lauyan Capone ma ya ƙara musu da nasa, ya rubuta wasiƙar neman sulhu wadda a ciki ya amsa cewa maigidansa yana samun kuɗi masu yawa.

'Yan uwana na sashen akanta, ga inda abin ya shafe mu, kuma ba ta fuskar tafi kaɗai ba. Kamfanin laifi ba ya iya rayuwa sai da lissafi. Wanda ke da gidajen caca barkatai da ɗaruruwan ma'aikata, kuma duk ɓarayi ne, dole ya rubuta, in ba haka ba yaransa su cinye shi. Tsarin da ya ba shi ƙarfi shi ne ya bar sawu. Amma a tuna, wanda ya rubuta littafin akawu ne, wanda ya karanta shi ma akawu ne. Darasi ɗaya suka koya.

A Yunin 1931 aka gurfanar da shi, ana tuhumarsa da ɓoye kuɗin shiga sama da dala miliyan 1 da ƙin biyan harajin kimanin dala 215,000. Kuɗin ba su kai ko ƙurar abin da ya samu ba, iyakar abin da takarda za ta iya tabbatarwa ke nan. Da farko an shirya da masu gabatar da ƙara ya amsa laifi a ba shi shekara biyu da rabi, yana ta murmushi. Alƙali James Wilkerson ya ce kotunsa ba kasuwa ba ce, ba ya cikin cinikin. Aka tafi shari'a a Oktoba. Wani abokin harkar Capone a tseren karnuka, lauya Edward O'Hare, ya tsegunta wa Wilson cewa an riga an samu sunayen masu taya alƙali hukunci ana bin su da kuɗi da barazana. Ranar da za a fara, Wilkerson ya musanya su gaba ɗaya da na wata kotun. Daga nan aka yi ta kiran mahauta da teloli da masu sayar da kayan ɗaki da ma'aikatan waya, kowa yana faɗin abin da Capone ya kashe a wajensa. Hujjar mai sauƙi ce: mutumin da ya ce ba ya samun komai, da me yake sayen bel mai lu'ulu'u yana rabawa abokai?

Ranar 17 ga Oktoban 1931 aka same shi da laifi a tuhuma biyar. Bayan mako guda aka yanke masa shekara 11 da tarar dala 50,000, ban da bashin harajin. Ba a taɓa yi masa shari'ar kisan kowa ba.

A Mayun 1932 aka kai shi gidan yarin Atlanta, a Agustan 1934 aka mayar da shi Alcatraz, kurkukun tsibiri da ke gaɓar San Francisco, inda ya zama fursuna mai lamba 85. Can ba kafet, ba 'yan jarida, ba wanda zai saya. Ya yi wanki, ya yi gugar daɓe, wani fursuna ya taɓa soka masa almakashi a baya. Tunjeren da ya ɗauka tun yana saurayi bai yi magani ba ya hau masa ƙwaƙwalwa, ya fara rikicewa. An sake shi ranar 16 ga Nuwamban 1939. Kwana takwas kafin nan aka harbe O'Hare a cikin motarsa. Ɗan O'Hare ɗin ne matuƙin jirgin yaƙin da aka sa wa babban filin jirgin saman Shikago sunansa.

Capone ya koma gidan Fulorida wajen Mae, wadda ba ta taɓa barin sa ba. A 1946 likitoci suka gwada shi suka ce hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 12 ba. Yakan zauna bakin ruwa da fatsa, yana hira da mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ya samu shanyewar jiki, ya rasu ranar 25 ga Janairun 1947, yana da shekara 48.

Dokar hana giya kuwa tun ranar 5 ga Disamban 1933 aka soke ta, yana kurkuku. Mutum zai zaci daga nan kamfanin ya mutu, tunda an ɗaure shugaba kuma babbar hajar ta koma hannun masu lasisi. Ko gezau. Nitti da Paul Ricca suka riƙe, suka ƙara ƙarfi a caca da bashi da ruwa da ƙungiyoyin ƙwadago, har suka kai ga tatsar kamfanonin fim na Hollywood. Da asiri ya tonu a 1943 Nitti ya harbe kansa, aka ci gaba. Daga baya hannunsu ya kai gidajen cacar Las Vegas. Sai a 1970 Amurka ta yi dokar da ake kira RICO, wadda ta ba da damar a tuhumi ƙungiyar kanta da shugabannin da ba sa taɓa bindiga da hannunsu. Darasin da magadan suka ɗauka daga Capone shi ne a guji kyamara, a kuma riƙa cike takardar haraji.

Cikin yaran da suka yi masa tsaro a otal ɗin Lexington akwai wani mai suna Tony Accardo. Shi ya zo ya juya kamfanin shekara da shekaru, ba hira da jarida, ba zama a sahun gaba. Ya mutu a gadon asibiti a 1992 yana da shekara 86, bai taɓa yin zaman gidan yari na kirki ba. Na tambayi abokin zaman nawa ko ya taɓa jin sunansa, ya ce a wane fim ya fito.